Daga Shamoni zuwa tsoffin fadojin tsaunukan Alp: yadda ake zuwa a dawo rana ɗaya

Kalmar da ke fara ruɗa Badamagare a can ita ce shato. A wurinmu shato tankin ruwa ne da aka ɗora bisa ginshiƙai. A ƙasashen da ke kewaye da tsaunin Mont Blanc kuwa, in ka ga allo mai ruwan ƙasa a bakin hanya an rubuta château, gidan sarauta na dutse ake nufi, mai ganuwa da hasumiya. A gefen Italiya castello ko forte za ka gani.

Wannan bayani na mutanenmu ne da taro kan kai Jeneba, da ɗalibai da ke Liyon ko Grenoble, da masu zuwa ganin dangi, in Allah ya sa suka samu kwana uku ko huɗu a Chamonix, garin da ake faɗi Shamoni. Garin na cikin kwari, mita 1,035 sama da teku, kuma nan aka yi wasannin Olamfik na hunturu na farko a 1924. Ƙanƙara da hawan dutse ke kawo yawancin baƙinsa. Wanda gwiwa ko aljihu ba su yarda da wannan ba yana da abin kallo a ƙasa, don cikin tafiyar awa biyu daga garin akwai fadoji fiye da goma, a ƙasashe uku.

Yawan nasu shi ne tarkon. Mutum ya duba taswira a waya, ya ga Suwis ga ta nan, Italiya ga ta nan, sai ya ce bari ya haɗa su yau. Kwarin Shamoni ƙofa uku gare shi: ta arewa maso gabas mai fita Suwis, ta ƙarƙashin dutse mai fita Italiya, da ta yamma mai gangarawa Annecy. Ƙofa ɗaya ake bi a rana. Daga Shamoni zuwa Martigny, garin Suwis da ke bayan ƙofar farko, kilomita 43 ne ko kusa da haka, bai ma kai Damagaram zuwa Takeita ba, amma awa guda cur yake ci a mota, don hanyar sai ta hau mashigar dutse biyu ta sauka. Lissafin kilomita irin na hanyar Maraɗi ba ya aiki a nan. Da agogo ake auna tafiya.

Wanda ya san dalilin da ya sa Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa, ya kuma san abin da ayarin da ke sauka Zango yake kawo wa fada, ba zai sha wuyar gane waɗannan gine-gine ba. Kusan dukansu a maƙurar hanya aka dasa su, inda dutse ya matse da kogi ko tafki har fatake ba su da wata mafita sai su biya su wuce. Gidan sarautar Savoie ne ya daɗe yana riƙe da ɓangarorin uku, shi da hakimansa. Shamoni da Annecy ma ba su zama ƙasar Faransa na dindindin ba sai 1860.

Takardu, kuɗi da abin hawa

Faransa, Italiya da Suwis duk suna cikin yankin Shengen, saboda haka bizar Shengen ta gajeren zama ta isa ukun, ko da mai shiga sau ɗaya ce, tunda ba ka fita yankin ba. Amma ka duba layin da aka rubuta inda bizar ke aiki, don akwai wadda ake taƙaitawa ga ƙasa ɗaya. Fasfo ɗinka na ainihi ya kasance a jikinka, hotonsa a waya ba ya wadatarwa: ana tsayar da motoci a bakin ramin Mont Blanc mai fita Italiya da iyakar Suwis ta Le Châtelard. Ɗalibin da abin da ke hannunsa takardar shaidar neman izinin zama ce ta karon farko kada ya ƙetare iyaka da ita, ya tsaya gefen Annecy.

Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, lissafin ba ya motsi. Suwis kuwa faran nata take ci, wanda ya ɗan fi yuro tsada. Wurare da yawa suna karɓar yuro amma su ba ka canji da faran, a farashin da ya yi musu daɗi, don haka katin banki ya fi. In na'urar ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi faran, kada ka zaɓi canjin da ta yi maka. Sai maganar waya: layukan Faransa da yawa ba sa haɗa Suwis cikin kuɗin wata, kuma wayar kan kama eriyar Suwis tun kana kusa da iyaka. Ka sauke taswira tun kana otel, ka kashe intanet na yawo kafin Vallorcine, ƙauyen Faransa na ƙarshe kafin iyakar Suwis, in ba ka tabbatar da tsarin layinka ba.

In mota za ka yi haya, ka zo da permi naka tare da na ƙasa da ƙasa, musamman don Italiya, ka kuma gaya wa kamfanin cewa za ka fita daga Faransa da ita, don inshora. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris doka ta wajabta tayoyin sanyi ko sarƙar taya a wannan yanki na Faransa; a kwarin Aosta na Italiya daga 15 ga Oktoba ne zuwa 15 ga Afrilu.

Launin allo ma yana kayar da mutane. A Faransa shuɗin allo na babbar hanya ne mai biyan kuɗi. A Suwis da Italiya kore ne nata, shuɗi kuma na hanyar gari. Babbar hanyar Suwis ba ta da shingen biya, sai dai takardar shekara ta faran 40, wajen jika 28, wadda ake liƙawa a gilashi ko a saya ta intanet da lambar mota. Wanda aka kama ba shi da ita tarar faran 200 ce, sannan ya sayi takardar. Don zuwa ɗaya tak, ka sa wa taswirar waya umarnin kauce wa babbar hanya, ka bi shuɗin allo daga Martigny. Abin da zai ƙaru bai wuce minti ashirin ba.

Ƙofar Suwis: Chillon

In rana ɗaya kawai gare ka, Chillon za ka. Ana faɗinsa Shiyon. Shi ne ya fi cika, shi ne kuma ya fi sauƙin zuwa ba mota.

Jirgin ƙasan da ake kira Mont-Blanc Express yana tashi daga tashar Shamoni, yawanci a canza a Vallorcine, a isa Martigny cikin kamar awa ɗaya da rabi. Ka tambayi otel katin baƙo da suke bayarwa, yana rage kuɗin sufuri cikin kwarin, amma ƙarfinsa ba ya wuce Vallorcine. Daga nan sai tikitin Suwis, kuma a saya kafin a hau, don mai duba tikiti a can ba ya jin uzuri. Ka zauna hannun dama in kana tafiya, nan ne kwazazzabon kogin Trient yake. Tsakanin Salvan da Vernayaz jirgin kan kama wani ƙarfe mai haƙora a tsakiyar layi ya gangara a hankali, don gangaren ya kai ashirin cikin ɗari. Daga Martigny ka ɗauki jirgin Montreux, kamar rabin awa, sannan kar mai lamba 201 wajen Villeneuve, ka sauka a tashar Chillon. Duka-duka awa biyu da rabi. Wanda ya bar Shamoni kafin takwas na safe zai shiga fadar kafin sha ɗaya.

Mai mota zai hau mashigar Montets, mita 1,461, ya shiga Suwis, ya hau ta Forclaz, mita 1,527, sannan ya gangara kusan mita dubu zuwa Martigny cikin kilomita goma sha uku. Nan direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ke ƙona birki. In ka dafe birki tun daga sama har ƙasa, faifan zai yi zafi, man birki ya tafasa, ka ji wari kamar na ƙonannen roba, ka taka ka ji feda ta yi laushi. Maganin shi ne giya ta biyu ko ta uku, inji ya riƙe motar, birki kuma a taka da ƙarfi a saki, ba a jingina ƙafa a kai ba. Mota mai canza giya da kanta, ka mai da ita tsarin hannu. In ka riga ka ji warin, ka raɓa gefe minti ashirin, kuma kada ka watsa wa faifan ruwa, zai lanƙwashe. Da hunturu akan rufe Montets in ana tsoron zaftarewar ƙanƙara, a bi da motoci ta ramin jirgin ƙasa bi da bi, abin da ke ƙara jira.

Fadar na zaune bisa wani tsibirin dutse a bakin tafkin Léman, tsawonsa kamar mita 100, faɗinsa 50. An fara ambatonta a rubuce a 1150. Tsakanin tafki da tsauni wuri kaɗan ne ya rage, kuma ta nan hanyar fatake mai zuwa Italiya ta mashigar Grand-Saint-Bernard take bi, shi ya sa fuskar da ke kallon hanya ganuwa ce da hasumiyoyi da ramukan harbi, fuskar da ke kallon ruwa kuwa manyan tagogi ne na ɗakunan zama. Ka tsaya kan gadar shiga ka dubi wannan bambanci kafin ka shiga. Sarakunan Savoie sun riƙe ta har 1536, mutanen birnin Bern na Suwis suka ƙwace suka zauna har 1798, daga nan ta koma hannun jihar Vaud.

A bakin ƙofa za a ba ka takarda mai lambobi, akwai ta da Faransanci. Bi lambobin a jere, don gine-gine ne kusan 25 da aka liƙa da juna, wanda ya tsallake sai ya yi ta komawa tsakar gida ɗaya. Farkon abin da za ka shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ne, kuma su suka fi cancantar lokacinka. Gefe ɗaya bango ne na gini, ɗaya gefen kuwa dutsen tsibirin ne tsurarsa, ba a ko sassaƙe shi ba. Haske na shigowa ta ƴan siraran tagogi, ya dako ruwan tafkin ya riƙa rawa a rufin. A jikin ginshiƙi na biyar akwai zoben ƙarfe. Nan aka ɗaure François Bonivard, malamin coci a Jeneba da ya yi wa sarkin Savoie tawaye. An kama shi a 1530, shekara huɗun ƙarshe a wannan ɗaki ya yi su, sai da sojojin Bern suka zo a 1536 suka kwance shi. A wani ginshiƙin za ka ga sunan Byron, mawaƙin Ingila da ya zo a 1816, an rufe shi da gilashi. Ko da tsakiyar Yuli ɗakin na da sanyi, ka shigo da rigar sanyinka a hannu.

Sama kuma akwai manyan zauruka masu murhun da mutum zai iya tsayuwa a ciki, da ɗakin kwanan sarki mai zanen bango na ƙarni na 14, da makewayin da raminsa ke zuba kai tsaye cikin tafki. Hasumiyar tsakiya mita 25 ce, matakalarta ta katako ce, siririya, a tsaye. Mutum biyu ba sa giftawa. Dattijo ko mai ciwon gwiwa ya bar ta, ya bi barandar masu gadi, kallon da ake samu can ya isa. Ka ware awa biyu. Kuɗin shiga na babba bai kai faran 20 ba. Daga Afrilu zuwa Satumba ana kaiwa bakwai na yamma, da tsakiyar hunturu biyar ake rufewa, kuma awa ɗaya kafin rufewa ake daina shigar da mutane.

In ka dawo Martigny da sauran rana, hasumiyar La Bâtiaz ta ƙarni na 13 na bisa garin, hawan minti ashirin a ƙafa. Aigle ma na da kyakkyawar fada a kan hanya, sai dai abin da ke cikinta gidan tarihin inabi da giya ne; kallonta daga waje ya ishi mafi yawanmu.

Ƙofar Italiya: rami da kwarin Aosta

Wannan ita ce ƙofar da ta fi yawan fadoji, ta fi tsada, ta kuma fi son mota. Abin da zai yi wa ɗan Nijar daɗi shi ne Faransanci harshen hukuma ne a kwarin Aosta tare da Italiyanci, alluna da yawa da harshen biyu suke.

Ramin Mont Blanc kilomita 11.6 ne, an buɗe shi a 1965. Bayan gobarar Maris 1999 da ta kashe mutum 39 an rufe shi shekara uku, kuma dokokinsa na yanzu daga wannan masifa suka fito: gudu tsakanin 50 da 70, tazarar mita 150 tsakaninka da na gabanka. Akwai shuɗayen fitilu a bango kowane mita 150, ka tabbatar biyu na tsakaninku. Kyamara na auna gudu da tazara, ƴan sanda kuma na jira a mafita. Kuɗin wucewa na ƙaramar mota ya haura yuro 50 zuwa kawai. Na zuwa da dawowa, mai aiki kwana bakwai, ya haura yuro 60, wato sama da jika 39. Ka ce na zuwa da dawowa kake so tun a shingen farko, in ba haka ba ka biya cikakke sau biyu. Mutum huɗu a mota ɗaya shi ne abin da ke sa kuɗin ya zauna.

Kafin ka tsara komai ka duba shafin ramin. A 2024 da 2025 an rufe shi gaba ɗaya daga farkon Satumba zuwa wajen tsakiyar Disamba don gyara, kuma akan rufe shi wasu darare. In an rufe kana gefen Italiya, zagayen ta Grand-Saint-Bernard da Martigny zai ci maka awoyi. Asabar da Lahadin Agusta layi kan yi tsawo. Wanda ya isa kafin takwas na safe yakan wuce ba jira.

Ba mota ma ana zuwa, da kar daga Shamoni zuwa Courmayeur, kamar minti 45, sannan wata zuwa Aosta, kamar awa ɗaya. Jirgin ƙasa kada ka dogara da shi: layin da ke sama da Aosta ya daina aiki tun ƙarshen 2015, wanda ke ƙasa da Aosta kuma an rufe shi a Janairun 2024 don aikin sa masa lantarki, aka maye shi da kar. Mai bin kar fada ɗaya zai iya gani, Fénis, ya kuma zaga garin Aosta.

Fénis na gabas da Aosta kaɗan, mafitar Nus a babbar hanyar A5. Iyalin Challant, manyan hakiman Savoie a kwarin, su suka gina ta yadda take yau tsakanin ƙarni na 14 da farkon na 15. Abin lura shi ne ba bisa tsauni take ba, a kan ɗan tudu take cikin fili. Ganuwa biyu da tarin hasumiyoyin nan rabinsu nuna isa ne, kamar yadda attajiri ke ƙawata soron ƙofar gidansa. A tsakar gida akwai matakalar dutse mai siffar rabin da'ira, da barandun katako, bango cike da zanen masu hikima kowanne riƙe da takardar karin magana da tsohon Faransanci. Ba a shiga kai kaɗai. Rukuni-rukuni ake shiga da ɗan rakiya, a lokacin da aka rubuta a tikiti, kuma yawan mutane a ƙayyade yake. Wanda ya zo sha ɗaya da rabi ranar Lahadi ba ajiye wuri, ana iya ce masa sai uku. Ka saya ta intanet, ko ka isa da buɗewa. Yawancin rakiyar da Italiyanci ce, ka nemi takardar Faransanci.

Kilomita ashirin da wani abu gaba, Issogne da Verrès na kallon juna, kogin Dora Baltea a tsakani. Verrès dunƙulen dutse ne mai kusurwa huɗu, kowane gefe mita 30, na wajen 1390, hawan minti goma sha biyar zuwa ashirin a ƙafa, cikinsa kusan wayam. Issogne daga waje ba ta da kyan gani, har mutum ya yi zaton ma'ajiyar hatsi ce. Mu dai in za a zaɓi ɗaya, Issogne muke zaɓa. A tsakar gidanta akwai bishiyar rumman ta ƙarfe da ruwa ke fita daga rassanta, a ƙarƙashin baranda kuma an zana kasuwar ƙarshen ƙarni na 15: mahauci da namansa a rataye, tela na yanka yadi, mai magani da tuluna jere a kanta yana auna abu a sikeli, masu kayan lambu, mai cuku. Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Dole ranar Alhamis zai gane kowane mutum a bangon nan. Ka matsa kusa za ka ga sunaye da kwanan wata da baƙi suka kanƙara a jikin zanen ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Su an bar musu. Kai in ka taɓa bangon, mai gadi zai yi magana.

Bard ita ce ta ƙarshe, kamar awa ɗaya da rabi daga Shamoni in hanya ta yi kyau. Nan kwarin ya tsuke har kogi, hanya da ƙauye suka cushe wuri ɗaya. A Mayun 1800 sojoji kusan 400 suka tsare rundunar Napoliyon mai mutum wajen 40,000 har mako biyu. Sai da Faransawa suka shimfiɗa ciyawa da taki a titin ƙauyen, suka naɗe ƙafafun igwa, suka wuce da dare. Bayan an miƙa wuya ya sa aka rushe ginin. Wanda ke tsaye yau an gina shi tsakanin 1830 da 1838, barikin soja ne mai hawa-hawa, tun 2006 kuma gidan tarihi. Ana hawa da lif masu gilashi daga ƙauyen, saboda haka ita ta fi dacewa da tsofaffi da yara. Fénis da safe, Issogne ko Bard da rana: iyakar abin da rana ɗaya ke ɗauka ke nan. Litinin ranar rufewa ce a yawancinsu in ba lokacin cikar baƙi ba, kuma daga Oktoba zuwa Maris fadojin jihar kan rufe da tsakar rana na awa guda. A5 na da tsada. Hanyar SS26 kyauta ce, tana bin gefenta, sai dai ta fi jan lokaci. A cikin Aosta kada ka shiga titin da aka rubuta ZTL, wato inda aka taƙaita shigar motoci, kyamara ce ke ɗauka, tarar kuma ta biyo ka ta kamfanin haya bayan watanni.

Ƙofar yamma: Annecy

Ita ce ta wanda takardunsa ba su ba shi fita daga Faransa ba, ko ranar da sama ta ɓaci a kan mashigai. Kilomita ɗari ne, kamar awa ɗaya da kwata ta babbar hanya. A jirgi, da canji a Saint-Gervais, awa biyu ko fiye. Fadar Annecy na bisa tsohon gari, gidan sarakunan yankin Jeneba ne na da, ta yi zaman barikin soja har 1947, gari ya saye ta a 1953. Hasumiyarta mafi tsufa kaurin bangonta ya haura mita 3. Cikinta gidan tarihi ne, ba ɗakunan sarauta ba, kuma Talata a rufe take. A ƙasa, tsakiyar kogin Thiou, ga Palais de l'Isle mai siffar goshin jirgin ruwa, wanda ya yi zaman kotu, gidan buga kuɗi da kurkuku.

Wadda ta fi su armashi ita ce Menthon-Saint-Bernard, kilomita goma daga Annecy a gabashin tafki. Iyali ɗaya ke cikinta kusan shekara dubu, har yau. Ɗakuna 105, ɗakin karatu mai littattafai wajen 12,000. Tunda gidan mutane ne, ladabinsa irin na fadar Damagaram ne: ba kowace rana ake shiga ba, ba kowane ɗaki ba, kuma ba ka buɗe ƙofar da ba a buɗe maka ba. Da hunturu a rufe take, a sauran watanni ma sai ka duba ranakun. Hanyar bakin tafki kan cushe da yammacin Yuli da Agusta, ka bar wurin kafin biyar.

Salla, ciki da tufafi

Alƙibla a can kudu maso gabas take, ba gabas da ɗan karkata arewa irin ta gida ba. Agogon hunturu daidai yake da na Nijar. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gaba da awa ɗaya. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, a Disamba kafin biyar ta faɗi, wato azahar, la'asar da magariba duk za su same ka a hanya. Ka fita da alwala, da ƴar darduma mai naɗewa, da gorar roba da za ta yi maka aikin buta, don makewayinsu ba su da ita, na tashoshin Suwis ma sai an biya. Ba a salla cikin ɗakunan fada; bakin tafki a Chillon ko filin ciyawar Fénis sun wadatar. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminka tun kana gida, ka gaya masa kwana nawa za ka yi da nisan kowace fita.

Abincin yankin alade ya yi masa yawa, sau da yawa a ɓoye. Tartiflette da ƴan gutsattsarin alade ake yinta, diots tsiran alade ne, fondue kuma da farar giya ake narka cukunta. A Italiya ka kiyayi kalmomin maiale, prosciutto, lardo da pancetta. Abin da ya fi aminci kifin tafki ne soyayye da man shanu, ko polenta, wadda tuwon masara ce, da cukun fontina. Ka tambaya ko an sa giya a miya. Gidajen abinci kan ba da na rana daga sha biyu zuwa biyu su rufe kicin har bakwai. Wanda ya fito daga fada biyu da rabi zai tarar ba komai, saboda haka burodi, cuku, dabino da ruwa su kasance a jaka. Famfunan kan titi ana shan ruwansu, sai wanda aka rubuta non potable.

Kowane hawan mita dubu yana rage zafi da kamar digiri shida, kuma cikin ginin dutse ya fi waje sanyi. Riga biyu ko uku marasa nauyi da ake tuɓewa sun fi ƙatuwar guda ɗaya. Babbar riga a bar ta otel: matakalar hasumiya na kama bakinta, hannu ɗaya kuma dole ya riƙe ƙarfe. Mata su zaɓi zane ko doguwar rigar da ba ta jan ƙasa. Takalmin fata mai sulɓin ƙasa da silifa su ke kayar da mutane a kan dutsen da ƙafafu suka goge shekara ɗari bakwai; a sa mai ƙasan roba. Ba a kunna fitilar kyamara gaban zanen bango, babbar jaka kuma akan ce a ajiye ta ko a rataya ta gaba. Lambar gaggawa a ƙasashen uku 112 ce.

Tun da safe, kafin ka hau jirgin farko, ka rubuta a takarda lokacin jirgin ƙarshe daga Martigny da zai haɗa ka da na Vallorcine zuwa Shamoni, don yana ƙarewa da wuri fiye da na manyan birane, batirin waya kuma sanyi na cinye shi. Ka nufi wanda ke gabansa. Taksi daga Martigny zuwa Shamoni da dare ya fi kuɗin kwana a otel.